Shafi Na Bakwai

Salamu alaikum, mutanena. Na san na bar ku shiru kwana tara, wasu har sun biyo ni ta waya suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau nake. Abin da ya riƙe ni shi zan ba ku yau, don tun da na fara ba ku labarina ban taɓa ganin mako irin wannan ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Murjanatu, a gida Murja. 'Yar Yelwa ce ni ta Yauri. Na karanta kimiyyar kwamfuta, bara na gama bautar ƙasa, yanzu daga ɗakina nake aiki da laftof ɗina da 'yar solar da Baba ya kafa min a saman kwano. Jabiru kuma shi ne mutumin, ɗan Warra, ɗan gidan masunta, a jami'a muka haɗu. Yanzu yana aiki a wani kamfanin manhajoji a Kaduna. Magabatansa sun riga sun aiko cewa ranar Lahadi za su zo gaisuwa gidanmu.

To ga inda aiki ya shigo cikin maganar aure.

Akwai wata ƙungiya da ke kula da lafiyar mata a garuruwan bakin ruwa, tun daga Shanga har Ngaski. Suna da wata lamba a Wasaf da suka raɗa wa suna Anti Delu. Ita Anti Delu ba mutum ba ce, ƙirƙirarriyar basira ce, wadda kuke ji ana cewa AI. Mace za ta tura mata saƙon murya ta faɗi abin da ke damunta, irin wanda ko ga mijinta ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba, ita kuma ta amsa da Hausa, ta ce yi kaza, ko kuma maza ki tafi asibiti. Mata sama da dubu huɗu ke hira da ita.

Abin da ake tsoro shi ne wani mugu ya zauna yana jan ta da dabarun magana har ta saki baki ta faɗi sirrin wata. Shi ya sa kamfanin su Jabiru ya ƙera manhajar da za ta riga mugun: ta jefa wa Anti Delu tambayoyin tarko dubbai, ta rubuta duk inda ta yi suɓul da baka, a toshe. Jabiru ne ya haɗa ta da hannunsa, ya sa mata suna Taru, wato babbar ragar kamun kifi, kun san ɗan masunta. Shi ne kuma ya rubuta littafin jagorarta, shafi talatin da biyu, wanda ma'aikatan ƙungiyar za su riƙa bi suna yin gwajin da kansu duk wata.

Ni kuma Hajiya Zahra'u, shugabar ƙungiyar, ta ɗauke ni in duba wannan littafi, in ce ya yi ko bai yi ba, kafin su karɓi aikin ranar Litinin.

Ranar da ta kira ni ofis ban ɓoye mata ba. Na ce, "Hajiya, wanda ya rubuta littafin nan shi nake shirin aure."

Ta sauke tabaronta ta dube ni. "Kin iya gaya masa abin da ba ya so?"

"Ina gaya masa."

"To ya isa. Amma duk abin da kika rubuta, sai kin nuna min shi na gani da idona."

Karatun farko da na yi wa littafin, wallahi daɗi ya yi min. Komai a jere, Turanci mai kyau, har murmushi nake ni kaɗai don ina jin muryarsa a ciki. Sai na tsawata wa kaina. Ni na san kwamfuta, kuma na san yadda Jabiru ke tunani, ko bai ƙarasa magana ba ina ƙarasa masa. Idona ba zai zama shaida ba. Dole in kai littafin hannun wadda aka rubuta shi dominta.

Ranar Talata da safe na saka doguwar rigar atamfata mai ruwan ganye, na zumbula hijabi ruwan ƙasa, na ɗauki jakar laftof. Inna ta cusa min ƙullin soyayyen kifi a gefen jaka tana cewa kar in je in zauna da yunwa a garin surukai. Na shiga mota sai Warra.

Susan ce ke riƙe da harkar Anti Delu a ofishinsu na can. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zuru, shekararta shida a Warra, Hausarta ta fi tawa daɗi, har Kambarci tana taɓawa. Ofishin ɗaki ɗaya ne, da tebur, da fanka mai ƙara, da tagar da ke kallon inda jiragen ruwa ke sauke mutane.

Na ce mata, "Sista, yau ni bebiya ce. Ga littafi, ga kwamfuta. Ki yi abin da ya ce kawai. Duk inda kika tsaya zan rubuta, kuma in kin yarda zan ɗauki bidiyon allon da hannunki."

Ta yi dariya. "Jarrabawa ce za ki yi min?"

"Ba ke ake jarrabawa ba, littafin ne."

Shafi na farko ya wuce lafiya. A na biyu littafin ya ce a buɗe wani wuri, ya kira sunansa da Turancin masu sana'a, bai ce ga inda yake ba. Minti shida Susan tana laluben allo, ni kuma ina danne harshena da haƙori. A shafi na huɗu hoton ya nuna koren maɓalli a dama, a kan allon kuwa shuɗi ne kuma a hagu, don an sabunta manhajar ba a sabunta hoton ba. A na biyar wani jan rubutu ya fito cewa abu ya ƙi, ta juya littafin gaba da baya, babu inda ya ce ga abin da za a yi.

Ta ajiye shi ta ce, "Murja, wanda ya rubuta wannan abu, da mutane yake magana ko da kansa?"

Sai da na ji maganar a ƙirjina. Na rubuta ta yadda ta faɗa.

Muka isa shafi na bakwai. Layi ɗaya ne a saman: a saka mabuɗin manhajar da za a gwada, sannan a danna Fara. Mabuɗin nan wasu dogayen haruffa ne da lambobi da ke ba mutum damar shiga cikin Anti Delu. Susan ta jawo durowa, ta fito da wani ɗan littafi mai jan bango, ta shiga kwafa a hankali tana motsa baki.

Nan na karya dokata. "Sista, wannan mabuɗin na wace ce?"

"Na Anti Delu mana."

"Ta gaske? Wadda mata ke magana da ita?"

Ta juyo tana kallona. "Akwai wata ne?"

Yatsanta na kan maɓallin. Ban san lokacin da na miƙe na riƙe wuyan hannunta ba.

Bari in fayyace muku, don a nan komai yake. Irin wannan gwaji ba a yin sa a kan ta gaske. Ana haɗa kwafinta ne, a cika shi da sunayen ƙarya da saƙonnin ƙarya, ko ya saki baki babu wanda ya cutu. Littafin bai faɗi haka ba ko a wuri ɗaya. Sannan can a shafi na ashirin da shida, cikin ƙaramin rubutu, ya ce duk amsar da Taru ta tatso tana tafiya kai tsaye wata ma'ajiya da ma'aikatan kamfanin da sauran masu amfani da manhajar za su iya buɗewa. Da Susan ta danna, duk sirrin da Taru ta yi nasarar zarowa daga bakin Anti Delu, da suna da lambar waya, ya fita ke nan.

Da na gama yi mata bayani sai ta janye hannunta daga tebur ta ɗora a cinya.

"Akwai matan da in maganarsu ta fita, a ranar aurensu zai mutu," in ji ta. "Kuma ni na ce musu su saki jiki da ita. Ni da bakina, gida gida."

A mota, kan hanyar dawowa, na tura wa Jabiru saƙo.

"Shafi na bakwai. Babu gargaɗi a kan mabuɗin gaske."

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Murja don Allah kar ki sa shi a rahoto. A bari Litinin ta wuce, ni zan gyara da kaina."

"Jabiru, yau a gabana Susan ta kusa dannawa."

"Akwai abin da ba zan iya faɗa miki a waya ba. Ki rufa min asiri."

Na kife wayar a cinyata. Na juya fuskata wajen gilashi don kar matar da ke gefena ta ga idona. Shekara huɗu muna tare, bai taɓa roƙona wani abu da irin wannan murya ba. Ku da kuke cewa ni mai taurin kai ce, ku sani a wannan motar sai da na yanke shawarar yin shiru sau uku ina warwarewa.

Na tarar da gida cike da ƙamshin suya. Gwaggo Dudu, yayar Baba, ta iso daga Shanga don shirin Lahadi. Ita da Inna suna tsakar gida, ga kaskon cincin a wuta, ga dubulan an jera a faranti. Na yi niyyar in wuce ɗaki, amma Inna ta kalle ni sau ɗaya ta ce, "Zo nan. Mi ya faru?"

Na durƙusa gefenta na gaya mata a taƙaice. Na manta kunnen Gwaggo.

"Ke Murja, mi nike ji? Yaron da iyayenai za su zaka ran Lahadi, shi za ki tozarta gaban uwayen gidanai?"

"Gwaggo, ba tozarci ba ne. Aiki aka ba ni."

"Aiki. Takarda ce hwa. Wa takarda tat taɓa kashewa?" Ta nuna ni da matsamin da ke hannunta. "Ni na zauna da namiji shekara talatin da biyar. Ki ba shi kunya gaban mutane, ko ya yi miki dariya yau, yana nan riƙe da ita. Ya ce ki rufa mai asiri, ki rufa. In kun shiga ɗaki ku gyara abinku."

Inna na juya cincin ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ki bar ta ta ƙarasa."

Na ce, "Gwaggo, kin san Anti Delu?"

Matsamin ya tsaya. "Wace Delu?"

"Ta waya. Wadda mata ke tura wa saƙo."

"Ina jin ana zancenta."

Na yi mata bayani da Hausar da za ta gane. Na ce duk abin da mace ta raɗa wa Anti Delu a ajiye yake, kuma in aka bi littafin nan yadda yake, zai iya faɗawa hannun mutanen da ba ta sani ba, har da sunanta da lambarta. Gwaggo ta kau da kai. Ta koma kan dubulan ɗinta, har aka kira magariba ban ji muryarta ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta.

Washegari da hantsi ina zaune gaban laftof, na rubuta sunan rahoton na kasa wuce nan, sai ga ta ta ɗaga labule. Ta shigo ta tura ƙofa, ta zauna bakin gadona. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wayarta ta riƙe a hannu biyu.

"Wanga abu da kika ce. Har da na tsohwaffi?"

"Na kowa, Gwaggo."

Ta sunkuyar da kai. Ashe wata uku ke nan tana magana da Anti Delu. Wani ƙullutu ta ji a jikinta, a wurin da ba ta iya nuna wa kowa. Anti Delu ta ce mata sau da yawa ta je asibiti, tana ta ɗagawa. Zuwan nan ma da ta yi, rabi don Lahadi ne, rabi don ta sami ƙarfin zuciyar tambayata hanya.

"Ko ubanki bai sani ba," ta ce.

Na bar kujera na koma kusa da ita na riƙe hannunta. Na ce jibi Juma'a da sassafe ni da ita za mu je, babu wanda zai ji. Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙe, sai da ta kai ƙofa ta juyo, muryarta ta dawo irin ta kullum.

"Rubuta. Rubuta duka, kar ki rage ko ɗaya. In yaron ya yi hushi, ni za ni ji da iyayenai."

Daga nan hannuna bai tsaya ba. Wuri ashirin da uku Susan ta yi tuntuɓe, na jera su da lambar shafi da mintin da kowanne ya ci mata. Na rubuta inda hoto ya saɓa wa allo, da kalmomin da aka zuba babu fassara, da kurakuran da littafin ya bar mutum a tsaye. Ban ɓoye alherinsa ba. Daga shafi na sha biyu zuwa na ashirin, inda ya koyar da yadda ake karanta sakamako, ban taɓa ganin bayani mai tsabta irinsa ba, kuma haka na rubuta. Shafi na bakwai na ware masa babi shi kaɗai. Na ce a sa gargaɗi da Hausa da Turanci, a koyar da haɗa kwafin gwaji tun shafin farko, a hana manhajar kanta karɓar mabuɗin gaske, a kuma daina tura sakamako ko'ina sai da izinin mai shi. A ƙarshe na sa layi ɗaya: wannan littafi bai isa a miƙa shi ba tukuna.

Kafin in tura wa Hajiya, na tura wa Jabiru saƙo. "Na sa shi. Ban so ka ji a bakin wani ba." Ya karanta. Bai amsa ba.

Alhamis ƙarfe sha ɗaya aka sa taron, ta bidiyo. Na saka baƙar abayata mai ɗinkin zare a hannu, na yafa gyale ruwan zuma, na zizara kwalli don kar a ga alamar rashin barci. Na jawo tebur kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a inda kyamara ba ta kaiwa, ta zauna da carbinta, ta ce ita ba ruwanta, iska take sha.

Mutum huɗu ne a allon. Hajiya Zahra'u, da Susan, da Injiniya Auwalu shugaban kamfanin, cikin shadda fara da hula zanna, sai Jabiru a gefensa da yadin nan ruwan toka da na taɓa ce masa yana yi masa kyau. Bai kalli kyamara ba.

Injiniya ne ya fara, da murmushi. Ya gode min, ya ce ya ga rahoton, ƙananan gyare-gyare ne na rubutu, ita manhajar lafiyarta ƙalau, ana iya miƙawa Litinin a gyara littafin daga baya.

"Maganar mabuɗi kuwa," ya ce, "ai duk wanda ya san aiki ya san ba a gwaji a kan ta gaske."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya san aiki ba zai buɗe littafin ba ma. Don wanda bai sani ba aka rubuta shi. In an ba ni izini zan nuna wani abu, minti biyu ne."

Hajiya ta ce, "Nuna."

Na saki bidiyon. Ga hannun Susan yana jawo durowa, ga ɗan littafin nan mai jan bango, ga haruffa suna shiga ɗaya bayan ɗaya. Aka ji muryata ina tambaya, aka ji ta tana cewa, "Akwai wata ne?" Sai hannuna ya shigo ya riƙe nata. Bidiyon ya ƙare.

Susan ce ta fara magana. "Injiniya, ni ban san aiki irin naku ba, allura da awo na sani. Amma ni aka ce in riƙa yin gwajin nan duk wata. Abin da littafi ya ce shi na yi. Ran Litinin Murja ba za ta kasance a gefena ba."

Hajiya Zahra'u ta cire tabaro ta ajiye. Ta ce babu miƙa aiki ranar Litinin. Ta ba su sati uku. Kuma ba za ta sa hannu ba sai ranar da Susan ta bi littafin daga bango zuwa bango ita kaɗai, ba ta tambayi kowa ba, ni kuma na shaida. Ta ƙara da cewa daga yau duk wata takardar jagora da za ta shigo ƙungiyar, haka za a riƙa gwada ta, a hannun wadda za ta yi aiki da ita.

"Murjanatu," ta ce, "kin yi abin da na ɗauke ki dominsa. Allah ya yi miki albarka."

Nan take Injiniya ya sauya magana. Ya ce gaskiya ne, gaskiya ne, shi ma yanzu ya ga girman abin, irin waɗannan matasa ƙasar nan ke buƙata. Sannan ya waiwaya gefensa. "Jabiru, wannan sakacinka ne. Ka ja mana abin kunya."

Na ji kamar ni aka mara. Jabiru ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe." Sai ya ɗago, karo na farko, ya kalli kyamara. "Duk abin da ta rubuta gaskiya ne. Babu ko layi ɗaya da zan musa."

Ina rufe laftof Gwaggo ta rangaɗa guɗa har kajin Inna suka watse. Inna ta shigo da gudu hannunta duk gari, Gwaggo na ba ta labari da ƙari, wai na tsayar da babban mutum mai shadda har ya rasa ta cewa. Baba da ya dawo daga bakin ruwa aka maimaita masa, bai ce komai ba sai "Madalla," amma da yamma na ji shi a ƙofar gida yana gaya wa maƙwabcinmu cewa ɗiyarsa ce ke duba aikin injiniyoyin Kaduna.

Kafin la'asar saƙo ya shigo daga Injiniya Auwalu. Takardar ɗaukar aiki ce. Yana so in zama shugabar sashen littattafan jagora na kamfanin gaba ɗaya, daga gida zan riƙa yi, in ba shi amsa kafin Litinin. Na karanta ta sau biyar. Na yi sujada a kan dardumata. Ni Murja, da wasu dangi ke cewa karatun kwamfuta a Yelwa ɓata shekaru ne.

Juma'a na kai Gwaggo asibiti. Likitar ta duba ta, ta ɗauki abin da za a auna, ta ce ta kyauta da ta zo yanzu ba ta ƙara jinkiri ba. A hanyar dawowa Gwaggo ta saya min rake, kamar ina 'yar shekara bakwai.

Abu ɗaya ne ya hana farin cikina cika. Jabiru shiru. Alhamis shiru, Juma'a shiru. Na rubuta saƙo na goge ya fi sau goma. Inna na ta jera kayan tarbar baƙi a kwalla, ni kuma ina kallonta ina tunanin ko akwai baƙin da za su zo.

Asabar bayan la'asar ina ninke kaya wayata ta yi ƙara.

"Ina ƙofar gida."

Ban tsaya neman gyalen da ya dace ba, hijabin salla na zura. Yana zaure a tsaye, jaka a kafaɗa, idanunsa ja, da gani daga tasha ya wuto. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na zauna nesa kaɗan ina kallon yatsuna.

"Gobe suna tafe," ya ce. "Ƙarfe goma. Babu abin da ya canja."

Sai a lokacin na san tun Talata ban yi numfashi mai kyau ba.

"Na ji kunya, Murja, amma ba ke kika ba ni ita ba. Ni na roƙe ki abin da bai kamata ba. Da kin yarda, da na daina ganin girmanki, kuma da na tsani kaina. Lokacin da kike magana a taron nan, ji na yi kamar in tashi in ce wa kowa wannan ita zan aura."

Na rufe fuska da hijabi. Ku bar ni, ba zan faɗa muku abin da na ce ba.

Ya bari na nutsu, sannan ya zuge jakarsa ya fito da laftof. "Na ce miki akwai abin da ba zan faɗa a waya ba. Matso ki gani."

Littafin ne, amma na watan jiya, kafin a gyara. Ya gangara shafi na bakwai. Ga gargaɗi nan ɓaro-ɓaro, rabin shafi, cewa kada a kuskura a saka mabuɗin gaske, da matakan haɗa kwafin gwaji guda tara.

"Na rubuta shi tun farko," ya ce. "Cirewa aka yi."

Ya buɗe wurin da ke nuna wanda ya taɓa rubutu da ranar da ya taɓa. Sunan Injiniya Auwalu ne. A gefe ya bar wa Jabiru 'yar magana: a cire wannan, zai tsorata su, kuma haɗa kwafi zai ci mana sati biyu.

Na kalli sunan, na kalli Jabiru. "Shi ne ka yi shiru ya zage ka a gaban mutane?"

"Na ji tsoro. Yanzu na daina." Ya rage murya. "Kuma ba shi ke nan ba. Ƙungiyarku ce ta huɗu. Akwai uku da aka riga aka ba wannan littafin tun watan jiya, babu gargaɗin a ciki. Ɗaya asibitin yara ce."

Na zaro wayata daga aljihu ina neman lambar Hajiya Zahra'u. Ban kai ga dannawa ba allon ya yi haske, kira ya shigo. Jabiru ya leƙo ya ga sunan, ya ɗago ya dube ni.

Injiniya Auwalu ne.